Giyar Hannu: Yadda Ake Sarrafa Ta, Da Wanda Ya Dace Ya Saye Ta

Idan mutum ya tambaye ni wace zai saya tsakanin mota mai giyar hannu da otomatik, ba na ba shi amsa sai na ji abu biyu: irin hanyar da yake bi kullum, da kuma ko sabuwa fil zai ciro ko wadda wani ya riga ya hau. Ni dai manuwal, wato mai giyar hannu, nake tuƙawa, da ita na koya, kuma ina son ta. Amma son bai kai in ruɗi kowa ba. Kusan duk alherin da ake lissafa wa motar nan a ƙafar hagun direba yake rataye. In ƙafar ta ƙware, mota ce mai sauƙin riƙo, mai tsawon kwana, mai jin magana. In ba ta ƙware ba, ranar biyan bakanike kawai ake jira.

Don haka kafin a zo kan cinikin, bari mu fara da ƙafar.

Abin da ke faruwa in ka taka kuloci

Muddin inji a kunne yake, juyawa yake yi, ko da motar tana tsaye cak. A yawancin ƙananan motoci yakan juya sau 600 zuwa 900 a minti ɗaya ba tare da ka taɓa totur ba. Tayoyi kuwa wani lokaci dole su tsaya. Saboda haka sai an sami abin da zai raba inji da tayoyi, ya kuma sake haɗa su sannu a hankali. Aikin kuloci ke nan.

A bayan inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da shi. A jikinsa farantin kuloci yake kwance, an shafe fuskokinsa da irin abin da ake yi wa birki, kuma shi farantin a haɗe yake da akwatin giya. Wani murfi mai sifirin mai ƙarfi ne ke matse farantin a jikin faifan. Ka taka kuloci har ƙasa, matsin ya sake, inji ya yi ta juyinsa shi kaɗai. Ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya, su manne su zama abu guda. Amma tsakanin takawa da ɗagawa akwai wani ɗan wuri inda farantin ke gogar faifan bai gama kamawa ba. A wurin nan mota ke tashi, a wurin nan kuma farantin ke cinyewa. Gwanin direba shi ne wanda yake samun wurin nan take, ya yi abin da ya kai shi, ya fice. Wanda bai iya ba ko dai ya tsallake shi da gudu mota ta mutu, ko ya tare a cikinsa har faranti ya ƙone.

Shi kuma akwatin giya musaya yake yi tsakanin ƙarfi da gudu, kamar dai keke mai giya. A lamba ɗaya inji yakan juya wajen sau uku da rabi kafin sandar da ke fita daga akwatin ta juya sau ɗaya: ƙarfi mai yawa, gudu kaɗan. A lamba huɗu kusan kunnen doki suke. A lamba biyar ko shida sandar ta fi injin saurin juyawa, shi ya sa a doguwar hanya za ka ji inji ya yi laƙwas, mai kuma ya daɗe.

Direbobin da can ba su sami wannan da sauƙi ba. A motocin farko sai mutum ya taka kuloci sau biyu a kowane canji, ya daidaita juyin inji da kunnensa, in ba haka ba haƙoran giya su yi ta cizon juna. Kamfanin Cadillac na Amurka ne ya fito da maganin abin a 1928: wasu ƙananan zobba da ke daidaita gudun giyoyi biyu kafin su shiga juna. Har yau su ne a cikin motarka, galibi na tagulla. A motoci da yawa ribas ba ta da wannan zobe, shi ya sa take yin ƙara "ƙarrr" in ka cusa ta mota ba ta gama tsayawa ba. Tsaya cak, taka kuloci, ka ɗan ja numfashi, sannan ka sa ta. In ta ƙi shiga, kada ka yi mata dole. Sa lamba ɗaya, ka fito, ka sake gwadawa.

Ranar farko

Nemi fili shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba gangara, inda babu yara babu dabbobi. Gyara kujera yadda in ka taka kuloci har ƙasa gwiwarka za ta rage da ɗan lanƙwasa. Mutane da yawa nesa suke zama, sai su riƙa taka kuloci da ɗan yatsa bai kai ƙasa ba, su kuma ɗora wa mota laifin taurin giya. Jerin abin takawa ɗaya ne ko sitiyarin yana dama ko yana hagu: kuloci a hagu, birki a tsakiya, totur a dama. Ƙafar hagu kuloci kaɗai ta sani. Birki da totur na ƙafar dama ne.

Kafin ka kunna inji, yi wasa da sandar giya. Taka kuloci ka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka duba ba, har hannunka ya haddace. Lura da abu ɗaya: in ka saki sandar a furi, da kanta take komawa tsakiya, daidai layin lamba uku da huɗu. Wannan shi ne gidanka. Ɗaya da biyu sai ka ja ta gefe guda, biyar sai ka tura ta ɗaya gefen, uku da huɗu kuwa ba sa buƙatar ja ko turi, gaba ko baya kawai. Ribas kowane kamfani da inda ya ajiye ta. A Toyota mai lamba biyar tana ƙarƙashin biyar. A Volkswagen sai ka danna sandar ƙasa sannan ka kai ta kusa da lamba ɗaya. Wasu kuma akwai zobe a wuyan sandar da ake ɗagawa. Duba zanen da ke kan sandar, kada ka ɗauka ka sani.

Yanzu kunna. Darasin farko da nake ba kowa babu totur a cikinsa sam. Taka kuloci, sa lamba ɗaya, sauke birkin hannu, ka bar ƙafar dama a kusa da birki. Sai ka fara ɗaga ƙafar hagu sannu, sannu ƙwarai. Za ka ji muryar inji ta ɗan sauka, motar ta fara ɗan kakkarwa, gabanta kamar zai ɗaga. Ka iso wurin.

Lokacin da nake koya wa ƙanwata, a daidai nan take firgita.

"Yaya, tana rawa fa! Mutuwa za ta yi!"

"Ba za ta mutu ba. Bar ƙafarki a nan. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Ta ƙanƙame sitiyari, ta riƙe numfashi, sai ga mota ta fara rarrafe da kanta. Bayan ta yi taku kamar biyar na ce ta ƙarasa ɗaga ƙafar a hankali ta ajiye ta gefe. Muka yi ta zagaya fili a lamba ɗaya, babu wanda ya taɓa totur. Abin da ke ba sabon shiga mamaki ke nan: ƙarfin injin da ke aiki a tsaye ya isa ya motsa mota a fili. Abin da ke kashe ta shi ne, da zarar mutum ya ji ta motsa sai murna ta sa ya fizge ƙafa gaba ɗaya. Tsayawar nan ta daƙiƙa biyu ita ce dukan darasin.

Maimaita wannan har ya gundure ka. Tashi, tsaya, tashi, tsaya. Sai ƙafarka ta san wurin ba tare da ta lalube shi ba sannan za ka haɗa da totur: ɗan taɓawa kawai, allurar juyin inji ta kai wajen 1,500, ka kawo kuloci wurin kamawa, ka ɗan jira, ka saki. In ta mutu, ta mutu. Taka birki, taka kuloci, mayar da ita furi, ka sake kunnawa. Masu hon a bayanka ma haka suka fara, sun manta ne kawai.

Canjin giya, da inda hatsarin yake

Hawa sama shi ne mai sauƙi. Ɗaga ƙafa daga totur, taka kuloci har ƙasa, kai sandar lamba ta gaba, saki kuloci, koma totur. Kada ka fizgi sandar kamar kana faɗa da ita. Fito da ita zuwa furi, ɗan dakata kamar ƙiftawar ido, sannan ka shigar. Dakatawar nan ce ke ba zobban tagullar damar yin aikinsu. Daga lamba biyu zuwa sama ba sai ka yi dogon lallami wajen sakin kuloci ba, tunda motar ta riga ta ɗauki tafiya.

Yaushe ake canzawa? A tuƙin yau da kullum, motar fetur tsakanin 2,000 da 2,500, ta dizal ƙasa da haka kaɗan. Bayan ɗan lokaci ba za ka ƙara duba allura ba, kunne ya isa. Inji na kuka, yana son lamba ta sama. Yana gurnani, mota na girgiza, ka taka totur ba ta amsawa, ka yi mata nauyi, sauko. Akwai masu ganin tattali ne su jefa mota lamba biyar tana tafiyar kilomita 30 a awa. Wahalar da inji ce, kuma a motocin da faifansu mai hawa biyu ne, wato yawancin na dizal na zamani, hanya ce ta kashe wani ƙarfe mai tsadar gaske.

Saukowa ita ce ke buƙatar hannu. In za ka sauko daga huɗu zuwa uku, inji zai buƙaci juyi fiye da wanda yake yi. Ka saki kuloci da sauri, motar ta yi tsalle kamar an ja ta ta baya. Ko dai ka sake shi a hankali, ko ka ɗan taɓa totur yayin da kulocin ke ƙasa don juyin ya tashi ya tarye shi. Ta biyun ta fi daɗi, ta kuma fi tausaya wa faranti. In ta yi daidai, wanda ke zaune kusa da kai ba zai san ka canza komai ba, kuma ni a wurina babu abin da ya kai wannan daɗi a tuƙi.

Ga hatsarin da ba a cika faɗa wa mai koyo ba. Kana gudu a lamba biyar, kana son huɗu don ka wuce babbar mota, hannunka ya ja sandar da ƙarfi ta zarce ta faɗa biyu. In ka saki kuloci a haka, tayoyi ne za su juya injin da gudun da ya fi ƙarfinsa. Kwamfutar motar tana iya hana ka wuce iyaka da totur, amma wannan ba ta da yadda za ta yi da shi, domin ƙarfe ne ke jan ƙarfe. Bawul na iya lanƙwashewa nan take. Maganin shi ne abin da na faɗa da farko: daga biyar, fito da sandar ka bar ta ta koma tsakiya da kanta, sannan ka ja baya kai tsaye. In kuma ka fara sakin kuloci ka ji inji ya ƙwala ihu, maza sake takawa. Otomatik ba za ta taɓa barin ka ka yi wannan ɓarnar ba, kuma wannan maki ne nata.

Wajen tsayawa, birki ne farko. Sai gudun ya ragu, allura ta doshi 1,000, sannan ka taka kuloci. In tsayuwar za ta ɗan ja, kamar a danja, sa furi ka ɗauke ƙafa. Akwai wani ɗan boris da ke aiki duk lokacin da kuloci ke a take. Shi kansa ba tsada gare shi ba, amma kafin a kai gare shi sai an sauke akwatin giya ɗungurungum.

Tudu da gangara

Tashi a kan tudu shi ne ke sa mutane da yawa su rantse sun bar manuwal har abada, alhali dabarar ba ta da wuya. Ja birkin hannu. Sa lamba ɗaya. Ba ta totur fiye da na fili kaɗan, ka kawo kuloci wurin kamawa har ka ji bayan motar ya ɗan zauna, tana neman ƙwacewa. Sai ka sauke birkin hannu a hankali, ka ƙara totur, ka ƙarasa sakin kuloci. Ba za ta koma baya ko taku ɗaya ba. Motocin zamani da yawa suna da na'urar da ke riƙe birki na kimanin daƙiƙa biyu bayan ka ɗaga ƙafa, amma ka koyi ta birkin hannun, don ba kullum za ka hau motarka ba.

Abin da ba a yi shi ne riƙe mota a kan tudu da rabin kuloci, babu birki, ana jiran hanya ta buɗe. Wasu burgewa suke ɗaukarsa. Na taɓa tsayawa a kan wani bakanike yana sauke kulocin motar wani mai irin wannan burgewar. Ya ɗago faifan ya nuna mini: fuskar ƙarfen ta yi shuɗi-shuɗi da tabon zafi, da 'yan tsage-tsage sirara, farantin kuma ya cinye har ƙusoshinsa sun fito suna sheƙi. Ya shafa da yatsa, baƙar ƙura ta biyo. Ya ce, "Malam, wannan ba tsufa ba ne, ƙafa ce." In ka taɓa jin wani wari mai ɗaci kamar na ƙonannen birki bayan ka sha fama a tudu, to farantinka ne ke magana. Kuloci ɗaya yana iya wuce kilomita 200,000 a ƙafar wani, a ƙafar wani kuma bai kai 50,000 ba an sauke shi.

Ɗan'uwan wannan hali shi ne ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya. Kai kana ganin ba ka taka ba, amma ɗan nauyin ya isa ya sa boris ɗin nan ya yi ta aiki, wani lokaci har faranti ya riƙa zamewa. Akwai wurin ajiye ƙafa a gefen hagu, don haka aka yi shi. Hannu ma, in ka gama canji, mayar da shi sitiyari.

A doguwar gangara ne manuwal ke nuna darajarta. Sa ta lamba uku, ko biyu in gangarar ta yi tsanani, ka ɗauke ƙafa daga totur, injin da kansa zai riƙe motar. Birki sai ɗan taɓawa jefi-jefi. Wanda ya dogara da birki kaɗai daga sama har ƙasa zai dafa shi, ya wayi gari yana takawa motar ba ta ji. Sakin mota a furi a gangara don tattalin mai kuwa, kuskure ne ninki biyu. Na farko, ka raba kanka da riƙon inji. Na biyu, ba ka ma tattala komai ba: motar da kwamfuta ke ba ta mai, in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, yanke man take yi gaba ɗaya, tayoyi ke juya inji. A furi kuwa dole ta ci gaba da shan mai don kada inji ya mutu. Kashe inji a gangara kuma ko a mafarki, domin birki zai yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ma haka. In ka faka, bar ta a giya tare da birkin hannu: lamba ɗaya in tana fuskantar tudu, ribas in tana fuskantar gangara.

To, riba ce ko asara?

Hujjar da aka fi kawowa ita ce manuwal ba ta shan mai. A da gaskiya ne. Tun daga otomatik ɗin Hydra-Matic da General Motors ya saka a motocin Oldsmobile na 1940, har zuwa shekaru masu yawa bayan nan, otomatik lamba biyu zuwa huɗu gare ta, kuma ta cikin mai ƙarfin inji ke bi kafin ya isa giya, wani kaso yana salwanta a hanya ya zama zafi. Manuwal mai lamba biyar dole ta fi ta tattali. Amma kiɗa ya canza. Volkswagen ya fito da wata otomatik mai kuloci biyu da ake kira DSG a 2003. Kamfanin ZF na Jamus ya kawo mai lamba takwas, Mercedes-Benz mai tara, Ford da General Motors suka haɗu suka yi mai goma. Waɗannan suna canza giya da saurin da hannun mutum ba zai kamo ba, kuma ba sa gajiya ba sa mantuwa. A sababbin motoci, sau da yawa otomatik ce ke gaba a tattalin mai, ko su yi canjaras. Hujjar man tana nan da ranta ne kawai in kana kwatanta tsofaffin motoci, inda otomatik ɗin mai lamba huɗu ce.

Hujjar da ta rage da ƙarfinta, wadda ni ma a kanta nake, ita ce sauƙin ciki. Akwatin manuwal ƙarafa ne da boris da mai. Babu tarin bawul, babu kwamfutarsa ta daban. Yana da wuya ya mutu kwatsam, sai ya daɗe yana ba ka sanarwa: ƙara a lamba biyu, kuka a lamba biyar. Kusan kowane bakanike ya san cikinsa. Otomatik kuwa in ta lalace da gaske, sau da yawa maganar sauya akwatin ce gaba ɗaya, kuma wanda ya iya buɗe ta ya gyara ba a ko'ina yake ba. Ga mai sayen motar da ta ga jiya, wanda bai san yadda mai ita na farko ya kula da canjin mai ba, wannan bambanci ne babba. A yi adalci dai: kuloci abu ne mai ƙarewa, wata rana sai ka saya, kuma otomatik da aka kula da ita tana iya tsufa tare da motar ba a taɓa buɗe ta ba.

Sai maganar turi. Batir ya yi sanyi, ka kunna makulli, ka sa lamba biyu, ka taka kuloci, a tura ka har ta ɗan ɗauki gudu, ka saki kuloci da sauri, da ta kama ka sake takawa. Ya fitar da mutane da yawa daga kunya. Amma sai da sauran ɗan caji a batirin da zai tayar da famfon mai da kwamfuta, kuma littafin wasu motocin ya hana, saboda ɗanyen mai na iya lalata matatar hayaƙi. A ajiye shi don ranar tilas. Haka in za a ja ta da wata mota, manuwal furi kawai take so, otomatik kuwa in aka ja ta nesa inji a kashe, famfon manta ba ya aiki, cikinta na iya ƙonewa. A rairayi ko laka ko ƙanƙara ma kana da zaɓi: tashi da lamba biyu don taya kada ta yi ta juyi a wuri ɗaya.

Wanda ya iya manuwal, in ya shiga otomatik minti kaɗan ya ishe shi, in dai ya tuna ya naɗe ƙafar hagu kada ta kai wa birki takun kuloci. Akasin haka ba ya yiwuwa. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai ma doka ta san da haka: wanda ya ci jarrabawar tuƙi da otomatik, a ƙa'ida lasisinsa na otomatik ne kawai.

Yanzu ga inda ba ni da abin kare ta. Cunkoso. In kana shafe awa guda kullum a tsakanin motocin da ke matsawa taku uku su tsaya, za ka taka kuloci sau ɗaruruwa kafin ka isa, ka sauka gwiwar hagu na zogi, farantin ma yana cinyewa a banza. Akwai dabara: bar ɗan tazara, ka bar ta ta yi rarrafe a lamba ɗaya kuloci a sake. Sai dai tazarar da ka bari wani ne zai cusa kai cikinta. Mai irin wannan hanya, ko mai ciwon gwiwa ko baya, ya sayi otomatik kada ya saurari kowa. Haka gidan da mota ɗaya ce ake karɓa-karɓa: in kai kaɗai ka iya ta, ranar da ka kwanta ciwo babu mai kai ka asibiti da ita.

Ana cewa manuwal na sa direba ya natsu, tunda hannu biyu da ƙafa biyu duk suna da aiki, babu na riƙe waya. Ga wanda ya ƙware, na yarda da rabin zancen. Ga sabon direba kuwa abin juyewa yake yi. Hankalin da ya kamata ya kasance a kan mai babur da ke tahowa, yana can wajen tunanin wace lamba yake.

Kuma duniya tana barin ta. A Amurka ba ta kai kashi 2 cikin 100 na sababbin motoci ba. A Birtaniya, inda ta daɗe tana sarauta, a 2020 sababbin otomatik suka fi ta kasuwa. Ferrari da Lamborghini sun daina yin ta fiye da shekara goma da suka wuce. Motar lantarki ba ta buƙatar ta, galibinsu giya ɗaya ce tal, haka ma masu haɗa fetur da lantarki irin su Prius ba su da kuloci a ƙasa. Na'urorin da ke bin motar gaba su tsaya in ta tsaya su tashi in ta tashi, da otomatik suke cika aiki. Wannan bai shafi wanda zai sayi motar da zai hau shekara goma masu zuwa ba, kayan gyara suna nan birjik, amma ya kamata ya tambayi kansa ko zai sami mai saye ranar da ya tashi sayarwa.

In ka yanke shawarar saye

Gwada ta da sanyin safiya kafin inji ya ɗumama, domin zobban da suka gaji a lokacin suke tona kansu, musamman shiga lamba biyu. Lura da inda kuloci ke kamawa: in sai ƙafa ta kusa ƙarewa sama, farantin na iya zama ya yi nisa. Hau hanya, sa lamba huɗu ko biyar a matsakaicin gudu, ka taka totur sosai. In allurar juyin inji ta yi sama gudun bai bi ta ba, kuloci na zamewa, sai a cire kuɗinsa daga ciniki. A kowace lamba, taka totur ka saki farat ɗaya, ka ga ko sandar za ta yi tsalle ta fita da kanta. In ta fita, matsalar a cikin akwatin take, kuma wannan ya fi kuloci tsada. A tsaye, a furi, saurara: ƙarar da ke zuwa in ka taka kuloci ta ɓace in ka saki, boris ɗin kuloci ne. Wadda ke nan kuloci a sake ta ɓace in ka taka, daga cikin akwatin giya take. Girgiza mai ƙarfi wajen tashi kuma ko dai mai ya zuba a kan faranti, ko faifan ya lalace, ko robobin da inji ke zaune a kansu sun mutu.

Leƙa ƙarƙashinta ka duba ko akwai jiƙar mai a inda inji ya haɗu da akwatin giya. In kulocin na mai ne ba na waya ba, man birki yake amfani da shi, a wasu motocin ma kofi ɗaya suke sha, don haka duba ko ya yi baƙi ko ya ragu. Bayan ka saya, canza man akwatin giya ko da mai sayarwa ya rantse jiya aka canza, kuma ka zuba irin wanda littafin motar ya rubuta. In ya ce GL-4, kada a lallashe ka da GL-5 wai lambarsa ta fi girma, domin sinadaran da ke cikin wasunsu ba sa shiri da zobban tagullar nan.